Hular da Ba Ta Son Shafi

A Babura, in ka ga namiji ya fito sallar Juma'a da hula a tsaye cak a kansa, zarenta yana ƙyalli kamar jiya aka zare mata allura, ba sai ka tambaya ba, ta bi ta hannun Baba Kura. Sunansa ke nan na yanka, ba tsufa ne ya ba shi ba. Kakanninsa daga Barno suka taho da allurarsu da wannan sunan, shi kuma ya gaji ɗinkin hula da wankinta, ya haɗa da bakin da ba ya shiru. Ba ya iya ganin hula a kan mutum ya ƙyale. Ko a wurin ɗaurin aure sai ya matso kusa da kai ya ce, "Wannan hular taka wanka aka yi mata ko duka?" Mutane su yi dariya, mai hula ya yi yaƙe, washegari kuma ka gan shi a rumfar Baba Kura da ita a leda.

To, wannan mutumin ne ya yi shiru. Ba a rana ɗaya abin ya zo ba. Da farko ya rage zama a rumfa, daga nan ya daina leƙa majalisar da suke yi da amininsa Daudu mai sayar da hatsi, daga nan tuwo ya fara komowa kamar yadda aka kai shi. Hulunan mutane suka taru a kan gumagumai ba wanki ba guga, har masu su suka riƙa zuwa a kunyace suna karɓar abinsu. Daga ƙarshe ya koma ƙuryar ɗaki, ya zauna a bakin gado yana kallon bango, ba ya fita sai in salla ta fitar da shi, ita ma ba kullum ba.

Mutanen gari kuwa, da yake a wajensu ruwa ba ya tsami banza, suka duƙufa neman dalili. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ya tafka asara a canjin sefa, wasu suka ce ya taka wani abu a hanyar Nijar. Babu ko ɗaya a ciki. Ba a yi masa mutuwa ba, ba a yi gobara ba, 'yarsa tilo Ummi Kulsum tana gidan mijinta a Kazaure lafiya lau tana koyarwa. Wannan rashin dalilin shi ya fi cin ran matarsa Hajja Kaka. Da ƙafa ya karya, da gidan ya cika da 'yan dubiya har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Amma mutum yana zaune, ba zazzaɓi, ba kumburi, me za ka ce masa in ka shiga? Sai kowa ya riƙa tsayawa a zaure, ya gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, ya wuce.

Wata safiya ta kai masa koko. Bai dubi kofin ba, bai dube ta ba, ya ce, "Hajja, da Allah zai karɓi abinsa da kin huta."

Ta ajiye kofin ta fita. Ta jira ya shiga kewaye, ta ɗauke gwangwanin kayan aikinsa daga kan taga. Tsohon gwangwanin madara ne, a ciki akwai allurai da ƙaramin almakashi da rezar da yake farke ɗinki da ita. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa sa hannu a cikinsa ba. Ta kai shi ɗakinta ta jefa a ƙasan babbar kwalla, ta jera kwanuka a kai. Bai tambaya ba, kuma rashin tambayar ya fi ba ta tsoro.

An yi na gida iyakar yi. An sha rubutu, an yi tofi, an yi sadaka. Ummi Kulsum ta zo ta tasa shi a gaba zuwa asibiti a Kazaure, a can ne aka kira ciwon da sunansa, aka ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, aka ba shi ƙwayoyi. Kada a ci amanar ƙwayoyin nan, sun yi nasu: barci ya dawo, abinci ya ɗan shiga. Amma mutumin da Hajja Kaka take nema bai dawo ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, yana nan a bakin gado.

Ana haka Ummi Kulsum ta kira ta a waya. Ta ce wasu likitoci daga wani asibitin koyarwa sun zo Kazaure suna gwajin wani sabon magani ga masu irin ciwon Baba, waɗanda ƙwaya kaɗai ba ta ishe su ba. Ba allura ba ce, ba tiyata ba ce, hula ce mai fitila.

"Hula kuma?" in ji Hajja Kaka.

"Hula, Hajja. Ke dai ki lallaɓo shi."

Mai nema yana tare da samu. Ta lallaɓo shi, suka shiga ƙaramar bas zuwa Kazaure, Ummi Kulsum ta tarye su ta raka su asibiti.

Likitar da ta karɓe su sunanta Halima Sa'adiyya, yarinya ce sa'ar Ummi Kulsum, mai magana a natse. Ta durƙusa ta gaishe su, ta yi wa Baba Kura tambayoyi masu yawa, yana amsa wasu da kai, wasu Hajja Kaka tana amsa masa. Sannan ta ɗauko abin daga akwatinsa. Hajja Kaka ta zuba ido ta ga hular da aka taso su dominta, sai ga wani farin ƙoƙon roba kamar na 'yan acaɓa, da waya tana reto a baya, cikinsa kuma an jera wasu ƙananan idanu na gilashi.

"Baba, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba," in ji likita. "Abin nan gwaji ne. Akwai waɗanda suka ji sauƙi, akwai waɗanda ba su ji komai ba. Waɗannan idanun suna fitar da wani haske da ke gaba da ja kaɗan, ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa fata da ƙashin goshi, kaɗan daga cikinsa ya isa ƙwaƙwalwa. Muna zaton yana taimaka wa wurin ya farfaɗo. Za ka riƙa sawa da safe na ɗan lokaci, ita take kashe kanta. Ka cire hularka tukuna, goshi a buɗe. Maganinka kuma ba za ka daina sha ba."

Hajja Kaka ba ta cika magana a gaban baƙi ba, amma wannan ta kasa haɗiyewa. "Likita, fitilar da ba a gani, yaya za mu san tana ci?"

Likita ta yi murmushi, ta kunna abin, ta ɗauko wayarta ta buɗe wajen ɗaukar hoto, ta saita cikin ƙoƙon. A ido ba komai. A fuskar waya kuwa sai ga idanun nan duka suna haske, launin shunayya-shunayya. Hajja Kaka ta dubi ƙoƙon, ta dubi wayar, ta sake duban ƙoƙon, ta ce, "Ikon Allah."

Aka miƙa wa Baba Kura. Ya karɓa, ya juya shi, ya kifa, ya sa babban yatsa ya shafa cikinsa daga baki zuwa tsakiya, yadda ya saba yi wa kowace hula da ta shigo hannunsa. Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ko shafi babu."

Likita tana rubutu, ba ta kula ba. Hajja Kaka kuwa gabanta ya faɗi, faɗuwar daɗi. Rabon da ta ji ya kushe hula har ta manta.

Aro aka ba su, za su mayar bayan 'yan watanni. A gida Hajja Kaka ta riƙa lallaɓa abin nan kamar ƙwai, ta yi masa caji da hasken sola, ta goge shi da sabon ƙyalle. Kowace safiya Baba Kura sai ya sa an turo ƙofa tukuna, sannan ya cire hularsa ya kifa ƙoƙon, don dattijo irinsa, maɗinkin hula ɗan maɗinkin hula, ba zai yarda ko kaza ta gan shi da roba a ka ba. In abin ya kashe kansa ya cire, sai ka ga ya bar masa shaida a goshi, ya zauna yana murza wurin yana hararar ƙoƙon.

Ana cikin haka wata rana ya ce, "Hajja, ina gwangwanina?"

Tana tankaɗe ne a tsakar gida. Ta ajiye rariya a hankali. "Me za a yi, Malam?"

"Shafi zan yi wa wannan abin. Yana cin goshi. Kuma kayan aro ne, ba za a mayar wa mutane da shi da maiƙon kaina ba."

Ta shiga ɗakinta ta tsaya a gaban kwallar nan ta daɗe. Daga ƙarshe ta zaro allura ɗaya da zare, ta bar sauran a ciki. Ya ce ta ɗauko ragowar baƙin karammiski da ke cikin akwatinsa. Da ya nemi almakashi sai ta ce ya zana mata da alli ita ta yanka, wai don hannunsa ya kwana biyu bai yi aiki ba. Ya dube ta, ya zana. Ta kai ɗakinta ta yanko ta kawo.

Kwanaki ya yi yana wannan ɗinkin. Karammiski ninki biyu, da auduga a tsakani don taushi, ya bi shi da ƙananan ɗinki a jere kamar haƙoran masara, ya kafe shi a jikin ɗamarar da ke cikin ƙoƙon. Hajja Kaka ta riƙa ƙirƙiro dalilan wucewa ta ƙofar ɗakin: yanzu ta zo ɗaukar buta, anjima ta zo mayar da buta. Ba komai take so ba sai ta ga hannun nan yana hawa yana sauka. Ranar da ya gama ta dafa burabusko ta aika maƙwabta, suka tambayi ko suna aka yi a Kazaure, ta ce a'a, farin ciki ne kawai. Shafin kuwa ya yi kyau, wannan ba a musu. Ya rufe cikin ƙoƙon ruf, ba ka ganin ido ko ɗaya.

Sai dai daga gama ɗinkin, hannun ya koma cinya. Yana kifa hular kullum, ba fashi, goshi ya daina ciwo, amma shirun ya dawo ya shimfiɗa tabarmarsa. Makonni suka shuɗe. Likita takan kira ta ji ya jiki, Hajja Kaka ta ce da sauƙi, don haka ake cewa. A ranta kuwa ta fara sallamawa, tana cewa ƙila su suna cikin waɗanda aka ce ba sa jin komai.

Ranar wata Asabar Ummi Kulsum ta zo ganin gida. Bayan an gaisa an ci abinci, Baba Kura yana ɗaki, ta ce a nuna mata hular. Ta yaba shafin, har idonta ya kawo ruwa da ta ji wanda ya yi shi. Sai ta kunna abin, ta saita wayarta a ciki don ta sake ganin hasken nan na ranar asibiti. Baƙi ƙirin. Ta kashe ta kunna, ta goge idon wayar da gefen mayafi, ta sake saitawa. Babu komai.

"Mun lalata wa mutane kaya," in ji Hajja Kaka, hannunta a ƙirji.

Ummi Kulsum ta kira likita, ta sa wayar a bayyane. Likita ta tambaya ko abin ya faɗi ƙasa, aka ce a'a. Ko ruwa ya taɓa shi, aka ce a'a. Ko ɗan koren hasken da ke baya yana kamawa, aka ce yana kamawa. Sai ta ce, "Mama, ko an sa wani abu a ciki?"

"Ba a sa komai ba, likita. Shafi kawai aka yi masa."

Aka yi mata bayanin shafi: karammiski, ninki biyu, auduga. Hajja Kaka har da ƙarawa da cewa ɗinkin hannu ne, ba na keke ba. Can suka ji likita ta sauke numfashi.

"Mama, abin lafiyarsa ƙalau. Hasken ne ba ya wucewa. Duk kwanakin nan karammiski ake yi wa magani. Laifin har da nawa, na ce a cire hula, ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai yi wa abin shafi ba. Sai an cire shi duka, idanun su taɓa fata. Ba komai, za mu sake lissafi daga farko."

Garin neman gira ke nan. Bayan an kashe wayar uwa da 'ya suka zauna suna kallon ƙoƙon a tsakaninsu. Ga magani a hannu, ga kuma abin da ya tare shi, kuma abin da ya tare shi shi ne kaɗai aikin da mutumin ya yi da hannunsa cikin fiye da shekara. Hajja Kaka ta san mijinta. Mutumin da ya riga ya yarda cewa shi kaya ne a wuyan mutane, a zo a ce masa abu ɗayan da ya taɓuka ma ɓarna ce, ina zai faɗa?

"Hajja, ki bari in tafi da shi Kazaure," in ji Ummi Kulsum. "In farke a can, in dawo in ce likitoci ne suka canza mana wani."

Dabarar ta yi wa Hajja Kaka daɗi a kunne, har ta fara miƙa hannu ga akwatin. Sai ta fasa. "Ubanki zai gane ramin allurarsa a jikin ɗamarar nan ko da ido a rufe. Kuma tun da nake ban taɓa jin wanda ya farke masa ɗinki a bayan idonsa ba. Ba da ni za a fara ba. An yi ta yi masa abubuwa a ɓoye, ni ma na yi. Ya isa."

Washegari da safe, bayan Ummi Kulsum ta koma, ta shiga ɗakin da hular a hannu ɗaya, wayarta a ɗaya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta gaya masa abin da likita ta ce, kalma da kalma, har da maganar yi wa karammiski magani. Ta kunna abin ta nuna masa baƙin da ke fuskar wayar. Sannan ta ɗan ɗaga bakin shafin da farce, inda ido ɗaya yake leƙowa, ta saita. Ɗigon haske ya fito shi kaɗai a cikin baƙin.

Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Ita kuma tana kallon fuskarsa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta a zuci.

"Wato ɗinkin ya kamu," in ji shi. "Ko haske bai samu hanya ba."

"Ya kamu, Malam."

Ya juya ƙoƙon a hannunsa, ya bi layin ɗinkin da yatsa. Sannan ya ce, "Kawo min reza."

Ga shi nan, abin da ta kwana tana gudu. Tana iya cewa ta ɓata. Tana iya cewa bari ta farke masa, kamar yadda ta yi da almakashi. Ya ɗago ya dube ta sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi mata ba.

"Tana ƙasan babbar kwalla, Hajja. Na ji ƙarar kwanuka ran nan. Ban ga laifinki ba, a lokacin kin fi ni gaskiya. Ki kawo, ki zauna a nan ki gani."

Ta tashi. Ta sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko gwangwanin gaba ɗayansa, ta kawo ta ajiye a gabansa da hannu biyu. Ta koma inda take ta zauna. Ya zaro rezar, ya gwada kaifinta a bakin zare, ya fara farkewa. Bai yaga ba, bai yi gaggawa ba. Ɗinki ɗaya-ɗaya yake tsinkewa yana zare zaren yana ajiyewa a gwiwarsa, idanun gilashin suna fitowa a jere. Da ya gama ya ninke karammiskin, ya mayar da rezar cikin gwangwani ya rufe, ya tura mata shi. Ya cire hularsa ya kifa ƙoƙon a kan fatar goshi, ko turo ƙofa bai ce a yi ba. Hajja Kaka ta ɗauki gwangwanin ta fita bayan ɗaki, ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Da abin ya kashe kansa ya kira ta. "Ki tambayi yarinyar nan. Ciki nata ne, na ji. Baya fa?"

Likita Halima Sa'adiyya ta yi dariya har Hajja Kaka ta janye wayar daga kunne. Ta ce baya nasa ne, ya yi yadda ya ga dama, in dai zai bar ramukan shan iska a buɗe, kuma abin ya zama mai cirewa.

Aikin da ya ɗauko ke nan: riga ga ƙoƙon roba, da zanen kube, shuɗi da ruwan ƙasa. Ba ƙaramin aiki ba ne, don ƙoƙon ba shi da siffar kan ɗan Adam mai mutunci, in ji shi, sai da ya yi ta gwaji da takarda. Da safe ya sha haskensa, ya sha maganinsa, in rana ta ɗaga ta kawo gwangwani ta zauna kusa tana tsince shinkafa, in ya gaji ta mayar. Kada wani ya ce maka daga nan komai ya miƙe. Akwai ranakun da allura ba ta motsa ba, akwai makon da ya koma kallon bango har ta ce an koma gidan jiya. Amma sannu ba ta hana zuwa. Ranakun shirun suka riƙa raguwa, tuwo ya fara komowa rabi, daga baya kwano ya fara komowa wayam. Wata rana ta ji yana yi wa akuya faɗa a kan ta taka masa zare, ta tsaya a madafa tana murmushi ita kaɗai.

Da rigar ta kammala ya sa wa ƙoƙon, ya ɗaure ta da igiya ta baya. In ba ka ga wayar ba sai ka rantse wata babbar kube ce ta sarauta. Washegari ya ce a kai masa tabarma zaure, wai ɗaki ya yi zafi. A nan Daudu ya same shi. Shi Daudu ya zo ne yadda ya saba, ya tsaya a ƙofa ya aika gaisuwa ya wuce, sai ga amininsa zaune da hula mai wutsiya.

"Baba Kura, wannan kuma wace sarauta aka ba ka ba mu sani ba?"

"Sarautar marasa lafiya. Ciwon damuwa nake yi, wannan maganinsa ne. Shigo ka zauna, ka cire wannan abin da ke kanka in ga ko zai cetu."

Daudu ya shiga. Kafin azahar rabin kasuwar hatsi ta ji cewa ashe Baba Kura ciwo yake yi na gaske, har da na'ura. Mutanenmu ke nan, sai sun ga waya tana reto sannan su yarda. 'Yan dubiyar da ba su zo ba shekara guda suka fara sallama, wannan da lemo, wancan da ƙosai, kowa kuma da tsohuwar hula a aljihu, wai ko da za a dace. Hajja Kaka ta so ta yi fushi da su, ta nemi fushin ta rasa. Sai ta riƙa dama fura tana miƙawa.

Da lokacin mayar da aro ya yi, suka koma Kazaure. A mota ma sai da ya gaya wa direba cewa hularsa tana neman taimako. Likita ta sake yi masa tambayoyin nan nata, wannan karon shi ya amsa su duka, har da ƙari. Hajja Kaka ta rasa irin godiyar da za ta yi, ta kama hannun yarinyar ta riƙe.

"Mama, ni kaina ba zan ce miki hasken ne kaɗai ba," in ji likita. "Ga magani, ga aikin hannunsa, ga mutane, ga ke. Shi ya sa muke gwaji. Kuma ciwon nan yakan leƙo ya koma, ku ci gaba da zuwa, kada ku jira sai ya yi nisa."

"Ko ma wane ne a cikinsu, Allah ne ya aiko shi," in ji Hajja Kaka. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Likita ta fara kwance igiyar rigar don ta miƙa masa abinsa. Baba Kura ya ɗaga hannu. Tun shigowarsu ya lura da wani dattijo a kan benci a waje, an ce daga Gwiwa aka kawo shi, yana zaune tsakanin 'ya'yansa ya sunkuyar da kai, ya ja hularsa har gira.

"Wancan shi ne zai karɓa?"

"In ya yarda, Baba. Ya ce shi ba zai sa roba a ka ba."

"To bar ta a jiki. Ki ce masa maɗinkin Babura ne ya yi, kuma shi ma ya sa. Sai dai ki ja masa kunne, kada ya bari kowa ya yi mata shafi."

Sun iso gida da la'asar sakaliya. Baba Kura ya yi alwala ya fita masallaci, ya bar gwangwanin a kan tabarmar zaure inda ya yi aiki da shi da safe kafin su tafi. Hajja Kaka ta ɗauka, ƙafarta ta nufi ɗakinta da kanta, don ta saba. Har ta ɗaga kwanon farko daga kan kwalla, sai ta tsaya. Ta mayar da kwanon. Ta juya ta shiga ɗakinsa, ta ajiye gwangwanin a kan taga, daidai inda zagayen tsatsarsa yake tun da can.

Da ya dawo tana madafa tana hura wuta. Ta ji shigarsa ɗaki, sannan ta ji ƙarar murfin gwangwani.

"Hajja," ya kira daga ciki, "zaren shuɗi ya ƙare."

"Gobe kasuwa," in ji ta. Ba ta tashi ta leƙa ba, ta ci gaba da hura wutarta.